Kwamfutar Tebur Mai Araha: Yadda Za A Tallata Ta Ga Mutanen Ƙasar Haɗeja

Ina gaishe da na cikin garin Haɗeja, da na Auyo, da Kafin Hausa, da Malam Madori, da Kaugama, da Birniwa. Ina gaishe da mutanen Guri da Kirikasamma da ke can bakin ruwa. Wanda ke fadama ya rataye rediyonsa a reshe, sannu da aiki. Uwargida da ke tsakar gida, sannu da hidima.

Yau maganar ciniki za mu yi. Cinikin kwamfuta. Kwamfutar tebur nake nufi, wadda wasu ke kira ta girke. Ita ce kuke gani a ofis da shagon buga takardu: akwati a gefe, allon kallo a gaba, ga madannan rubutu, ga ɗan linzamin da ake ja da hannu. Ba a saka ta a jaka. Inda aka girke ta, nan take zama.

Tambayarmu ita ce: yaya ake sayar da mai arahar cikinta ga mutum gama-gari? Ina nufin malamin makaranta, da mai shagon magani, da dillalin shinkafa, da uwar da ke da yara uku a sakandare. Mutanen da ba su karanci kwamfuta ba, ba kuma su da niyyar karantar ta, amma suna da aikin da za ta iya ɗauke musu. Da mai sayarwa zan fi yin magana yau. Amma mai saye, kada ka kashe rediyo. Duk abin da zan gaya masa, kai zai amfana.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko: araha kaɗai ba ta sayar da kwamfuta. Zan sake faɗa. Araha kaɗai ba ta sayar da kwamfuta.

To, kashi na farko. Bari mu je nesa, mu ɗauko wani labari.

A ƙarshen shekarar 2007, wani kamfani mai suna Everex ya fito da kwamfutar tebur da ya kira gPC. Ya kai ta kantunan Walmart, manyan kantunan da talakan Amurka ke sayayya a ciki. Kuɗinta dala 199. A wancan lokacin, wannan araha ce ta ban mamaki. Jaridun fasaha suka yi ta yabo. Kashin farko da aka sa a intanet ya ƙare cikin ɗan lokaci. Amma a watan Maris na 2008, Walmart ya sauke ta daga kantunansa, ya bar ta a intanet kawai. Dalilin da Walmart ya bayar shi ne, ba ita masu shiga kantin ke nema ba.

Ku lura da abubuwa uku a labarin nan. Na ɗaya, dala 199 ɗin nan kuɗin akwati ne, ban da allon kallo. Wanda ya zo da kuɗinsa cif, sai ya tarar da sauran tafiya. Na biyu, babu Windows a cikinta. Windows ita ce babbar manhajar da yawancin mutane suka saba gani in sun kunna kwamfuta. An sa mata wata ce daga dangin Linux, wadda kyauta ce, kuma tana aiki sosai, amma baƙuwa ce a idon mai saye. Na uku, rahotannin lokacin sun ce kayan cikinta ƙanana ne, amma aka zuba su a ƙaton akwati da gangan, don an lura mutane na auna ƙarfin kwamfuta da girman jikinta.

A ganina, masana ne suka yi wawason ta, domin sun san abin da suke saye. Mutumin da ya shigo kantin neman sabulu da madara kuwa, ya dube ta, bai ga aikinsa a cikinta ba, ya wuce.

Kashi na biyu, mu dawo gida. Nan ba zan daɗe ba.

Nijeriya ma ta gwada. A 2001 kamfanin Zinox ya fara fitar da kwamfutoci masu tambarin gida. A 2006 gwamnatin tarayya ta kawo wani shiri na samar da kwamfuta ga 'yan ƙasa, inda ma'aikaci zai karɓa a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashinsa. A 2007 aka gwada ƙananan kwamfutocin yara, waɗanda aka yi wa laƙabi da 'yar dala ɗari, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Mu a Jigawa ba baƙin wannan harka ba ne. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, kuma yaranmu da yawa sun bi ta can.

Amma abin da ya shigar da kwamfuta cikin hirar kowane gida shi ne jarrabawa. Tun daga 2015, hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir. Duk yaron da ke son jami'a sai ya zauna gaban allo. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a kashin kansu. Yau yaron Guri ko Birniwa da ke burin shiga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja, dole hannunsa ya san linzami. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa shi. Yaro ya yi karatu, ya san amsa, amma hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, kuma yana cikin dalilan shirin yau.

Ke nan buƙata tana nan. To me ke hana ciniki?

Wannan ya kawo mu kashi na uku, kuma a nan zan fi daɗewa. Mai shago, matso kusa.

Ku saurari wannan. Wani malamin firamare ya shigo shago da yamma, ya yi sallama. Ya ce, "Ɗan'uwa, kwamfuta nake so ta yara." Mai shago ya miƙe da murna. Ya ce, "Malam, ga wata nan, Core i5 ce, ram takwas, SSD 256." Malam ya gyaɗa kai. Ya ce, "To madalla, bari in yi shawara." Ya fita. Bai dawo ba.

Ba tsada ce ta kore shi ba, don ko kuɗin bai tambaya ba. An yi masa magana da harshen da ba ya ji, shi kuma dattijo ne, ba zai ce wa yaro bai gane ba.

Ga yadda ya kamata. "Malam, bismillah, zauna. Yaran aji nawa suke? Me kake so su yi da ita?" In ya ce jarrabawa, ka buɗe masa manhajar gwajin tambayoyi, ka ba shi linzami ya danna da hannunsa. In shi ne ke haɗa sakamakon ɗalibai, ka buɗe jadawali, ku zuba makin yara biyar, ya ga jimla ta fito da kanta. In dillalin shinkafa ne ko mai harkar kifi, ka nuna masa shafi guda mai ɗauke da sunan wanda ya karɓi kaya, da buhu nawa, da abin da ya biya, da abin da ya saura. In marubuci ne ko mai wa'azi, ka nuna masa cewa a Windows akwai tsarin madannan Hausa, zai rubuta ɓa da ɗa da ƙa da lanƙwasarsu. Gani ya kori ji. Ka fara da aikinsa. Ka fara da aikinsa, lambobi su biyo baya.

Mu mutanen fadama mun san wannan. Ku tuna yadda ƙaramin injin ban-ruwa ya bazu a ƙasar nan tun shekarun 1990. Manomi bai saye shi don an karanta masa lambobin jikinsa ba. Ya ga na maƙwabci yana zuba ruwa a gona. Ya san man da yake sha a wuni. Ya san bakaniken da zai gyara shi, da shagon da ake samun kayansa. Abubuwa ukun nan su ne dai mai sayen kwamfuta ke nema: ya ga aikinta, ya san cinta, ya san mai gyaranta.

Sai maganar farashi. Don Allah, 'yan'uwa masu shago, ku faɗi kuɗi dunƙule. Kada ka rubuta kuɗin akwati a kwali, sai mutum ya zaro kuɗi sannan ka ce allo daban, madannai daban, waya daban. Ranar ka ci riba, amma ka rasa unguwa guda, domin zai ba da labari a majalisa. Ka haɗa komai: akwati, allo, madannai, linzami, wayoyi, da abin kare ta daga wuta. Ka ce, "Alhaji, da wannan kuɗin za ka kunna ta yau a gidanka." Kuɗi dunƙule. Ku riƙe wannan.

Na ambaci wuta, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Aka ɗauke wuta, ta mutu nan take, kuma abin da ba a adana ba ya tafi. Kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu, balle ƙauyukan da ko turakun ba su kai ba. Mai shagon da ya ɓoye wannan bai yi wa kansa adalci ba. Ka tambayi mai saye, "Yaya wuta take a unguwarku? Kuna da sola? Kuna da janareta?" Akwai wani ɗan akwati mai batir da ake kira UPS. Aikinsa ya riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, don mutum ya adana aikinsa ya kashe ta a natse. Akwai sitabilaiza, mai daidaita wuta in ta yi ƙarfi ko ta yi rauni. Waɗannan ba kayan ado ba ne.

Ga kuma wani abu da zai yi wa mai sola daɗi. Yanzu akwai kwamfutocin tebur ƙanana, waɗanda mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo duk suna yin su. Da yawansu abin ba su wuta wat 65 ne, wat kuwa shi ne ma'aunin cin wuta. Ƙaramar sola ta gida za ta ɗauke su tare da siririn allo. Amma ku tuna labarin Amurka: ido na son babba. Mai saye zai ga ƙaramar ya raina ta. Aikinka ne ka jera su biyu, ka kunna su tare, ya ga wadda ta riga tashi.

Sai yanayin ƙasarmu. Da hunturu ƙura ce. Da bazara zafi ya haura digiri 40. Da damina kuma kogi ne. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ya ga yadda jama'a suka kwana suna ɗaura buhunan ƙasa a jinga, ba sai an gaya masa ba. Ka koya wa mai saye abu uku kafin ya fita: ya ɗora ta a tebur, kada ya ajiye ta a ƙasa, ya rufe ta da zane in ta huce, ya bar mata sarari ta baya don iska. A nan kwamfutar tebur ta yi wa ta tafi-da-gidanka fintinkau. Ana buɗe ta cikin sauƙi a busa ƙura. Madannai suka lalace, a sayi wasu. Allo ya fashe, a canza allo kawai. Ga gida mai yara da yawa, wannan babban abin talla ne, kuma gaskiya ne.

Lokacin talla ma yana da muhimmanci. Kuɗi a ƙasar Haɗeja da kaka suke zuwa, da kuma bayan girbin shinkafar rani da alkama. Hankalin iyaye kuma yana tashi ne a farkon shekara, lokacin rajistar JAMB. Ka shirya kayanka kafin nan. Ka je makarantu masu zaman kansu da islamiyoyi da ƙungiyoyin malamai, ka ɗauki kwamfuta guda ka kunna musu. Mata masu adashi ma kasuwa ce babba, kuma sau da yawa uwa ce ke fara tunanin karatun yaro. In za ka ba da bashi a biya kaɗan-kaɗan, ka yanke kuɗi ɗaya tun ranar farko, a rubuta, da shaidu. Kada a zo tsakiya a ce an ƙara. Jama'armu suna gudun kuɗin ruwa, kuma suna da gaskiya.

Akwai wanda bai kamata ka sayar masa ba. E, haka na ce. Mutumin da buƙatarsa WhatsApp ce da kallon bidiyo, wayarsa ta ishe shi. Ɗalibin da zai riƙa yawo tsakanin aji da ɗakin kwana, kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta dace da shi. Wanda ba shi da wuta ko kaɗan, ya fara da sola. Ka gaya masa haka. Garin nan kowa ya san kowa, kuma ranar da ɗan'uwansa zai sayi kwamfuta, wurinka zai kawo shi.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tallar kwamfutar tebur mai araha. Mun ce araha kaɗai ba ta sayar da ita. Mun ce a fara da aikin mutum, a faɗi kuɗi dunƙule, a yi maganar wuta tun kafin a karɓi ko sisi.

Yanzu kashi na huɗu. Mai saye, ga naka.

Yawancin masu arahar da ke zuwa mana na hannu ne. Ofisoshin Turai da Amurka sun yi aiki da su, sun sauya sababbi, aka kwaso su zuwa Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan zuwa Kano, wajen titin Beirut, sannan su iso mana. Wannan ba aibi ba ne. Kayan ofis galibi masu ƙwari ne. Aibin shi ne a goge ta a ce maka sabuwa ce. Don haka tambayarka ta farko: "Sabuwa ce ko ta hannu?"

Tambaya ta biyu: "Shekararta nawa?" A nan ake yi wa mutane wayo. Za a ce maka Core i5 ce. Core i5 sunan injin da ke yi mata lissafi ne, na kamfanin Intel. Amma sunan ya daɗe. Akwai i5 ta 2011, akwai ta 2018, kuma ba ɗaya suke ba. Ka ce a nuna maka cikakkiyar lambar a allo. In ka ga i5 sannan 2400, lambar farko biyu ce, zubi na biyu ke nan, na 2011. In ka ga i5 sannan 8500, zubi na takwas ne, na 2018. Me ya sa wannan ya dame mu? Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025, a matsayin ranar daina kula da Windows 10 ga jama'a. Windows 11 kuma, a ƙa'ida, daga zubi na takwas take farawa. Wadda ta gaza haka za ta ci gaba da aiki. Yaro zai koyi rubutu da ita, zai gwada jarrabawa. Amma kuɗinta ya kamata ya sauka sosai, kuma ban ba ka shawarar yin harkar banki a kanta ba.

Tambaya ta uku, ram. Ram ita ce ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a yanzu. In ta yi kaɗan, sai kwamfuta ta riƙa sandarewa. Giga huɗu zai tashi, amma da ƙyar. Ka nemi takwas.

Ta huɗu, ma'ajiya, inda takardunka da hotunanka ke zama ko an kashe ta. Iri biyu ce. Tsohuwar tana da faifai mai juyawa a ciki. Sabuwar, wadda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinta, ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi jure jijjigar hanya. In an ba ka zaɓi tsakanin tsohuwa babba da SSD ƙarama, ɗauki SSD.

Zan maimaita, ku ƙirga da yatsu. Sabuwa ce ko ta hannu? Zubi na nawa ce? Ram nawa? Ma'ajiyarta SSD ce? In ba za ka iya riƙewa ba, ka sa yaro ya rubuta maka a takarda, ka miƙa wa mai shago. Babu kunya a ciki. Kuɗinka ne.

Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. A bar ta ta yi aiki ko da rabin awa ne. Ka saurari ƙarar fankarta. A gwada kowane rami na jikinta da filashi. A danna kowane harafi. Ka dubi allon da kyau, ko akwai layi ko tabo.

Sannan garanti, wato alƙawarin gyara ko canji in ta samu matsala cikin wani lokaci. Mai shago, wannan naka ne kuma. Mutumin Kirikasamma ba zai ɗauki akwati ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Kano saboda fanka ta tsaya ba. In ba ka iya gyara ba, ka haɗa kai da wanda ya iya a nan cikin gari. Yaranmu da suka yi karatun kwamfuta suna nan, da yawansu suna neman abin yi. Ka ɗauki ɗaya, ya riƙa bin mai saye gida ya haɗa masa, ya zauna da yara awa guda ya nuna musu kunnawa da kashewa da adana aiki. Ka sa kuɗin wannan hidima a cikin farashi tun farko.

Hajiya, Alhaji, Malam, kafin ku bar shagon, ku karɓi rasit. A rubuta sunan kwamfutar, da lambar da ke manne a jikin akwatin, da kwanan wata, da kwana nawa garantin zai yi, da lambar wayar mai gyara. Ku ajiye shi a leda, tare da takardun gona da na makarantar yara.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan sola: faranti nawa, batir wane iri, da yadda za a lissafa abin da zai ɗauki kwamfuta da fanka da ƙwan lantarki biyu ba tare da an yi asara ba. Wanda ke da tambaya ya aiko mana kafin ranar. Allah ya sa albarka a nema, ya ba yaranmu sa'a.